ILIYA A GINDIN ITACE

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

'Yan'uwa cikin Kristi, mu da muke zaune wajajen Yalwan Damai, a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, mun san baƙin ciki. A watan Agusta na 2021 ruwa ya karya wata gada a ƙasar Gwaram, mota ta faɗa ciki, mutum 21 suka mutu. A daminar 2022 kuma ambaliya ta cinye gonaki da gidaje da yawa a Jihar Jigawa. Ruwa yakan janye, amma nauyin zuciya yakan daɗe. Sa'an nan mutum ya shiga zargin kansa, yana cewa, da na yi shuka a tudu, ko kuwa, da ina da bangaskiya sosai da ban ji haka ba. Wannan kaya na biyu ne, mu ne kuwa muke ɗora wa kanmu.

Bari mu duba annabi Iliya. Bayan nasarar da ya gani a Dutsen Karmel, Yezebel ta yi rantsuwa za ta kashe shi. Ya gudu har Biyer-sheba, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya zauna a gindin wani itace, ya roƙi mutuwa. Ku lura da abin da Ubangiji ya yi. Bai tsauta masa ba. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko mala'ika da abinci da tulun ruwa, har sau biyu. Maganar aiki ba ta zo ba sai bayan tafiyar kwana 40, a Horeb. Can ma sau biyu Allah ya tambaye shi, ya kuma saurari kukansa sau biyu. Tun da Ubangiji ya ji tausayin bawansa haka, don me mu za mu ƙi jin tausayin kanmu? Maganar da ba za mu iya faɗa wa maƙwabci mai makoki ba, kada mu faɗa wa ranmu.

A Horeb an yi iska, da girgizar ƙasa, da wuta, amma cikin tsit Iliya ya ji murya. Mu ma sai mu koyi natsuwa. Da sassafe, kafin a tafi gona, a zauna minti 5. A ja numfashi a hankali, a sake shi a hankali, gama wannan yakan kwantar da bugun zuciya. A ambaci abin da ke ciwo da sunansa a gaban Allah, ko tsoro ne, ko fushi, ko kunya. Tunani zai gudu zuwa bashin bara da yunwar baɗi. Haka yake yi wa kowa, har dattawan Ekklesiya. A komo da shi kamar yadda ake komo da ɗan akuya, ba da duka ba.

Iliya ya zaci shi kaɗai ya ragu, ashe da sauran mutum 7,000, Allah kuma ya ba shi Elisha abokin tafiya. A nemi ɗan'uwa ɗaya amintacce, a gaya masa. Idan baƙin ciki ya wuce mako 2, ba barci, ba cin abinci, sai a raka mai shi wurin likita. Akwai Asibitin Tarayya a Birnin Kudu. Idan kuwa ya fara zancen mutuwa kamar Iliya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.