Darasinmu: Kuɗin Renon Yara A Wuyan Wa Yake? Abin Da Ya Faru A Lardin Kebek

A darasinmu na wannan fitowa za mu leƙa ƙasar Kanada ne, mu duba wata muhawara da suka shafe kusan shekara 30 suna yi a kan gidajen renon yara, wato inda uwa ke kai ɗanta da safe in za ta wurin aiki ko makaranta, ta ɗauko shi da yamma. Tambayar ita ce, kuɗin wannan reno a wuyan wa yake? Iyaye su kaɗai, ko kuwa gwamnati ta sa hannu a baitulmali? Mun zaɓi lardin Kebek saboda su sun wuce cacar baki, sun gwada abin a aikace, kuma masana sun bi diddigin sakamakon shekara da shekaru.

Da farko, uwargida, me ke sa reno tsada? Mafi yawan kuɗin albashi ke cinye shi. Malamar firamare ɗaya za ta iya riƙe yara 30 a aji, amma jinjiri fa? A goya shi, a ba shi abinci, a sake masa ƙunzugu, a lallashe shi. A Kebek doka ba ta yarda mai reno ɗaya ta riƙe fiye da jarirai 5 'yan ƙasa da wata 18 ba. Ke nan albashinta iyaye biyar ne za su raba a tsakaninsu, ban da haya da abinci da wuta. Shi ya sa za ki ji iyaye na kukan tsada, mai reno kuma na kukan albashi bai kai mata ƙarshen wata, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. A birnin Toronto, wajajen 2019, renon jinjiri ɗaya ya haura dala 1,700 ta Kanada a wata. A birnin Montireyal na lardin Kebek kuwa, a lokaci guda, gurbin da gwamnati ke tallafa wa bai kai dala 200 ba.

Wannan bambanci ya samo asali ne daga 1997, lokacin da gwamnatin lardin, ƙarƙashin Lucien Bouchard da ministar ilimi Pauline Marois, ta ce iyaye su biya dala 5 kacal a rana, ita ta cika sauran. An fara da 'yan shekara 4, zuwa 2000 aka haɗa har da jarirai. Mai kuɗi da talaka farashi ɗaya. A 2004 aka mai da shi dala 7. A 2015 aka gwada ƙara wa masu babban albashi kuɗi, a 2019 aka janye, aka koma farashi ɗaya.

Abu na farko da ya biyo baya babu mai musu a kansa: mata sun fita aiki. Masanin tattalin arziki Pierre Fortin da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a 2008 akwai ƙarin uwaye kusan 70,000 da ke aiki albarkacin wannan tsari. Har suka ce harajin da matan nan ke biya, da tallafin talauci da aka daina ba wasunsu, ya mayar wa gwamnatin lardi da ta tarayya abin da aka kashe har da ƙari. Wasu masana na ganin lissafin ya yi zaƙi da yawa. Amma ga matar da mijinta ya rasu ko aurenta ya mutu, ga yara a gabanta, gurbi mai araha shi ne tsakaninta da roƙo.

To yaran fa? A nan ne maganar ta yi nauyi. A 2008 wasu masana uku, Michael Baker da Jonathan Gruber da Kevin Milligan, suka kwatanta yaran Kebek da na sauran lardunan Kanada, kafin tsarin da bayansa. Suka ga fargaba da faɗace-faɗace da yawan laulayi sun ƙaru ga yaran Kebek, iyayen ma sun ƙara gajen haƙuri da 'ya'yansu. Masu adawa suka ce kun gani, ɗa sai uwarsa. Sai dai a lura, binciken ya yi wa yaran lardin kuɗin goro ne, bai ware wanda ya samu gidan reno na kirki da wanda aka jibge a inda aka samu ba. Binciken da ya biyo baya ya nuna illar ta fi taɓa waɗanda aka kai tun suna ƙanana sosai, yaran gidajen da ke cikin ƙunci kuwa da yawansu amfana suka yi. Kuma an sha auna ingancin gidajen, cibiyoyin da ba na neman riba ba, waɗanda iyaye ke da rinjaye a kwamitin gudanar da su, suna fin na 'yan kasuwa. A ganina nan ne kuskuren Kebek: sun karya farashi cikin gaggawa, buƙata ta yi tashin gwauron zabo, ba su da isassun gurabe masu kyau da ƙwararrun masu reno. A 2020 ofishin mai binciken kuɗin lardin ya ce yara kusan 46,000 ne ke jiran gurbi, kuma a Montireyal 'ya'yan marasa ƙarfi ba su samun rabonsu a cibiyoyi masu inganci. Araha dai ga ta, amma sai mai rabo.

Akwai kuma ƙorafin uwar da ta zaɓi ta zauna gida ta reni 'ya'yanta. Mijinta na biyan haraji kamar kowa, ana renon 'ya'yan maƙwabta da shi, ita ba ta ga ko sisi ba. Haka wadda kaka ko goggo ke riƙe mata. Wannan ƙorafi ne Firayim Minista Stephen Harper ya kama a 2006: ya soke yarjejeniyar gidajen reno da gwamnatin da ya gada ta ƙulla da larduna, ya ce a ba iyaye dala 100 a wata kan kowane yaro ɗan ƙasa da shekara 6, su yi yadda suka ga dama. Adalci kam akwai shi a ciki, sai dai dala 100 ba ta biyan ko mako ɗaya na renon jinjiri a Toronto, kuma ba ta gina gurbi ko ɗaya. A 2021 gwamnatin Justin Trudeau ta koma hanyar Kebek, ministar kuɗi Chrystia Freeland ta ware kusan dala biliyan 30 na shekara 5, da nufin a kai dala 10 a rana a faɗin ƙasar. Farashi ya sauka ƙwarai, wasu larduna sun kai dala 10 tun 2023, amma jiran gurbi da ƙarancin ma'aikata suka bi su kamar yadda suka bi Kebek.

Kada 'yar'uwa ta ɗauka wannan tambaya baƙuwa ce a addininmu. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uban yaro, ta kuma halatta a nemi wata ta shayar in an biya ta haƙƙinta. Manzon Allah (SAW) kansa a hannun Halimatus Sa'adiyya ya yi ƙuruciya. Batun baitulmali kuwa, malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya yanka wa yara wani kaso, amma sai an yaye su. Wani dare yana gadin wani ayari da ya sauka a Madina, sai ya ji jinjiri na ta kuka. Da ya matsa wa uwar da tambaya, ba ta san ko shi wane ne ba, ta gaya masa yaye shi take yi da ƙarfi tun lokaci bai yi ba, don Umar ba ya ba yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye ya sa aka yi shela kada kowa ya gaggauta yaye, kowane jariri yana da kasonsa tun ranar haihuwa. Ki duba da kyau, uwar nan ba muguwa ba ce. Sharaɗin kuɗin ne ya tura ta. Haka tallafin da ba ya zuwa sai an kai yaro gidan reno zai iya tura uwa ta kai jinjiri da wuri, ko da zuciyarta ba ta so. Kebek ta ɗan rage wannan matsi a 2006 da ta kafa nata tsarin hutun haihuwa mai biya, wanda ke ba iyaye damar zama da jariri kusan shekara guda.

Wani sharaɗin kuma ya fi shafar mu kai tsaye. Daga 2011 gwamnatin Kebek ta hana koyar da aƙida ko ibada a cibiyoyin renon da ke karɓar tallafinta. Dokar ta hau kan kowa, Musulmi da Kirista da Yahudawa, har wasu iyayen Katolika da Yahudawa suka kai ƙara kotu. Uwar da ke son a riƙa koya wa ɗanta addu'ar cin abinci da gajerun surori a wurin reno, sai dai ta nemi gidan da ba ya karɓar tallafin, ta biya farashi mai yawa, ko ta karɓi araha ta bar karatun sai an dawo gida da yamma.