Darasi Na Bakwai: Man Tsirrai Wajen Kare Amfanin Gona Daga Ƙwari

Manoman Miga, a fadamar Kogin Haɗeja, kan adana gero da dawa da wake. Babban abokin gabar wake shi ne ƙwaron da ke saka ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsarsa ta huda ta, ta cinye cikinta. Barbaɗa maganin ƙwari barkatai kuwa yana da haɗari, domin a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan gubar diklobos.

Man tsirrai iri biyu ne. Na farko mai maiƙo, kamar man darbejiya da man gyaɗa, wanda kan lulluɓe ƙwan ƙwaro ya toshe masa iska. Na biyu mai ƙamshi, wanda ake tatsowa daga kanumfari ko ɗoɗɗoya ta hanyar turarawa. Ƙamshinsa ke kora ko kashe ƙwari. Sai dai yakan bi iska da wuri, don haka wajibi ne a busar da amfanin gonar sosai, a rufe mazubinsa ruf.

Aiki: Ɗalibi ya tattaro keɓaɓɓun kalmomi goma na adana hatsi daga bakin manoman yankinsa, ya bayyana ma'anoninsu.