Matakan Gano Abin da Ke Sa Intanet Nauyi a Ƙaramin Ofis

A yawancin ƙananan ofisoshin unguwannin Nima da Mamobi a Ghana, kamar na wakilan aikin Hajji da shagunan buga takardu, rauta ɗaya ce ke ɗauke da kwamfuta uku ko huɗu da wayoyin kowa. Da intanet ta yi nauyi sai a ruga a ƙara sayen data, alhali sau da yawa matsalar tana cikin ɗakin. Ka fara bincike daga kusa, kuma kada ka canza abu biyu a lokaci ɗaya. Tanadi kebul na haɗa kwamfuta da rauta, da waya mai layin wani kamfani daban, da takarda da biro.

1. Tambayi kowa a ofis. Idan kwamfuta ɗaya ce ke wahala, ita za ka bincika, ka bar rauta. Duba kwanan wata da agogonta, domin tsohuwar kwamfuta takan rikita su bayan an ɗauke wuta, shafuka kuma su ƙi buɗewa.

2. Idan kowa ne, duba sauran data tukuna. Sannan zare wayar wutar rauta, ka jira daƙiƙa 30, ka mayar, ka ba ta minti 3 fitilunta su daidaita. Hattara da ɗan ramin da ke bayanta wanda ake tsikara da allura: yana goge duk saitin da aka yi mata.

3. Gwada waya mai layin wani kamfanin. Idan rautarka ta MTN ce, gwada Telecel ko AT. In duk sun yi nauyi, abin ya wuce ofishinka. Matsalar da ta wuce ofis ta taɓa faruwa ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da igiyoyin ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace, intanet ta durƙushe a Ghana da maƙwabtanta. A irin wannan rana kada ka taɓa saitin komai.

4. Haɗa kwamfuta ɗaya da rauta ta kebul, ka buɗe fast.com, ka rubuta saurin da ya nuna. Zare kebul ka sake gwadawa ta wayifai. Idan na kebul ya fi sosai, wayifai ne ke da matsala, kuma a Nima ba abin mamaki ba ne: gidaje manne da juna, kowa da rautarsa, ga kwano da ƙofofin ƙarfe. Ɗaga rauta sama, ka fitar da ita daga kabad ko bayan firij. In mai SIM ce, kai ta kusa da taga. Idan tana da 5GHz, mayar da kwamfutocin da ke kusa da ita can. In 2.4GHz kaɗai take da shi, gwada tasha ta 1 ko 6 ko 11.

5. Shiga shafin rauta. Adireshinsa na rubuce a ƙasanta, galibi 192.168.1.1 ko 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Ƙirga na'urorin da ke kai. Kalmar sirrin da aka ba ɗan maƙwabci bara ta riga ta zaga lungu, don haka canza ta yau. Kyautata wa maƙwabci abu ne mai kyau, amma ka buɗe masa layin baƙi na daban in rautar tana da shi. Duba kuma ko Windows na sabunta kansa, ko wata waya na loda hotuna.

6. Yanzu sai DNS, kuma nan nake son ka natsu. Kwamfuta ba ta san sunan shafi ba, lamba ta sani. DNS ne ke karɓar sunan ya ba ta lambar, kamar yaron unguwa da baƙo zai faɗa wa sunan maigida ya kai shi har ƙofa. Alamar ciwonsa ita ce shafi ya daɗe yana juyi kafin ya buɗe, ko ya ƙi sam, alhali saƙon WhatsApp na shiga. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta cmd, ka danna Enter. A baƙin allon da ya fito rubuta ping 8.8.8.8. Bayan ya gama, rubuta ping google.com. Idan na farko ya dawo da amsa, na biyu ya ce bai sami sunan ba, DNS ne. Idan duka biyun sun ƙi, layin ne ya yanke, ka wuce mataki na 8.

7. Rubuta ipconfig /flushdns don goge tsofaffin adireshin da kwamfuta ta riƙe, ka sake gwadawa. In bai warke ba, koma shafin rauta ka nemi wurin DNS. Kwafe abin da ka tarar a takarda kafin ka taɓa. Sa 1.1.1.1 na Cloudflare a gurbin farko, 8.8.8.8 na Google a na biyu, ka adana, ka sake kunna rauta. Wasu rautocin SIM ba sa bari a canza. To sai ka bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya: Windows da R, rubuta ncpa.cpl, danna dama a kan haɗin da kake amfani da shi, zaɓi Properties, sannan Internet Protocol Version 4, ka sa lambobin a gurabun DNS na ƙasa. Kada ka taɓa gurabun sama. Ka sani cewa wannan yana rage jiran buɗewar shafi ne kawai, ba ya ƙara saurin sauke fayil.

8. Idan har yanzu da nauyi, auna sauri da safe, da azahar, da bayan isha'i, kwana uku a jere. Layin da ke gudu da safe ya yi sanyi da dare, cunkoson masu amfani da hasumiyar unguwa ne, kuma faiba ko wani layin ne maganinsa. Kira kamfanin da takardarka a hannu, ka karanta musu lambobin, ka karɓi lambar ƙorafi. In ba su gyara ba, kai ƙara hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, tare da wannan lambar.