Darasi: Wane ne mai iko a kan titin gari?

A birnin Toronto na ƙasar Kanada, hukumar birni ta keɓe wa masu keke gefen wasu manyan tituna, aka raba su da motoci. A watan Nuwamba 2024 gwamnatin lardin Ontario, a ƙarƙashin Doug Ford, ta yi doka cewa birnin da ke son rage wa motoci wuri saboda keke sai ya nemi izinin lardi. Dokar ta kuma ba da ikon cire hanyoyin keke a titunan Bloor, Yonge da University. Hujjarsu ita ce cunkoso.

Bari mu lura da abu ɗaya. A Kanada lardi ne ke ba birane iko, yana kuma iya karɓewa. Shi ya sa hukumar birnin ba ta iya hanawa ba, ko da yake ta lissafa cewa cirewar za ta ci wajen dalar Kanada miliyan 48.

Masu hawan keke ne da ƙungiyar Cycle Toronto suka kai ƙara. Ba su tsaya gardamar wa ya fi wa girma ba, shaida suka kawo a kan rauni da mutuwa. A watan Yuli 2025 alƙali ya ce cirewar za ta jefa rayuka cikin haɗari, ta kuma saɓa wa tsarin mulki. Har shawarar da gwamnati ta karɓa daga masana ta nuna cunkoso ba zai ragu ba. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara.

Mu tattauna a ƙungiyoyinmu: in za a taɓa hanyar kasuwarmu, wa ke sa hannu, wace shaida kuma muke da ita a rubuce?