Abin da katin inshora yake biya a ɗakin haƙori

Tambayar da aka fi yi mini a ɗakin haƙori ita ce: "Likita, katin nan yana aiki a haƙori kuwa?" Amsar ita ce e, yana aiki. Abin takaicin shi ne yawancin masu tambayar sai sun zo da kumatu a kumbure suke yin ta, lokacin da babu abin da ya rage sai cirewa. Katin kuwa ya fi amfani tun haƙorin yana da sauran mamora.

Gwamnatin Najeriya ba ta da wata inshorar haƙori ta daban. Haƙori yana cikin inshorar lafiya ne ta gaba ɗaya, wadda aka kafa dokarta a 1999, ta fara aiki a 2005 da sunan NHIS. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka, hukumar ta koma NHIA, aka kuma wajabta inshorar a kan kowane ɗan ƙasa. Wajibcin dai har yanzu a takarda yake. A Jigawa muna da tamu hukumar taimakekeniyar lafiya, JICHMA, wadda aka kafa a zamanin Gwamna Badaru Abubakar, ita ke riƙe da ma'aikatan jiha da kuma masu ƙaramin ƙarfi.

Wa ya cancanta? Ma'aikacin tarayya, irin na Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, yana ƙarƙashin NHIA, kuma katinsa ya haɗa da shi da matarsa ɗaya da 'ya'yansa huɗu na cikinsa da ba su kai shekara 18 ba. A nan ake yawan samun saɓani a ƙasarmu. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya tara zai aiko yaro da katin wansa, a duba hoto a ga ba shi ba ne, a mayar da shi gida da ciwonsa, uban ya yi ta faɗa wai an wulaƙanta shi. Ba wulaƙanci ba ne. Akwai damar ƙara sauran iyali a biya musu kuɗi daban, kuma gara a yi hakan tun kowa yana lafiya, domin sabon rajista ba ya fara aiki ranar da aka yi shi, sai an jira.

Ɗan kasuwar Sara, ko manomin Kila, ko mai ɗinki a Wurno wanda ba ya karɓar albashi, shi ma ba a rufe masa ƙofa ba. Tun 2020 akwai shirin GIFSHIP, wanda mutum ko iyali ko ƙungiya za su biya kuɗin shekara su shiga. An fara shi da naira 15,000 a kan kowane mutum, daga baya kuɗin ya ƙaru. Sai kuma rukunin da dokar 2022 ta ambata da suna: yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu juna biyu, da tsofaffi, da masu buƙata ta musamman, da marasa galihu. Su ba sa biya. Kuɗinsu yana fitowa ne daga asusun BHCPF da Dokar Lafiya ta 2014 ta tanada, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, da kuma abin da jiha ta ƙara. A 2024 gwamnatin Umar Namadi ta ƙaddamar da shirin J-Basic, aka ɗauki mutum 500 a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 287 na jihar. Mutum 500 a mazaɓa kamar Basirka ko Sundimina ba su da yawa, wannan gaskiya ne, amma akwai waɗanda sunansu ya shiga, katin yana ƙarƙashin katifa, ba su taɓa kai shi asibiti ba.

To, me ake yi wa mai kati? A jerin da hukumar tarayya ta fitar cikin ƙa'idojinta na 2012 akwai duba haƙori, da wanke shi a kankare dattin da ya daskare a gindin dasashi, da ƙananan tiyatocin baki, da aikin jijiya har guda biyu, da haƙoran roba har huɗu. A magani kuma ma'aikaci yana biyan kashi 10 cikin 100 ne kawai. Abin da aka cire ƙarara shi ne hular da ake rufa wa haƙori, da gadar da ake ɗorawa a kan haƙora biyu don cike giɓi, da dashen ƙarfe a ƙashin muƙamuƙi, da bilicin ɗin haƙori. Haƙorin Makka kuwa ba sai an faɗa ba, wannan ado ne, mai so ya taɓa aljihunsa. JICHMA tana da nata jerin, kuma haƙƙin mai kati ne ya nemi a nuna masa shi a teburin inshora na asibiti kafin a taɓa bakinsa.

Duk wanda ya dubi jerin nan da kyau zai ga inda aka nufa. An buɗe hannu a aikin da ake yi da wuri, an damƙe shi a aikin da sakaci ke jawowa. Kogon haƙori ba tsutsa ke yin sa ba, ko da mai magani a kasuwa ya turara maka hayaƙi ya nuna maka wasu fararen abubuwa a cikin ruwa. Ƙwayoyin cuta ne da ke cin sukarin da ya maƙale, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin jikin haƙori a hankali. A farko ba ya ciwo, sai ɗan tsami in an sha ruwan sanyi ko shayi mai zafi. A wannan matakin aiki kaɗan ne, zama ɗaya. Idan ramin ya kai jijiya, shi ne ciwon da ke hana barci, nan kuma sai aikin jijiya, wanda kati yake biya amma da iyaka. Haƙorin da aka yi wa aikin jijiya sau da yawa yana buƙatar hula don kada ya tsage, hular kuwa ba ta cikin jeri. Ka ga jinkirin wata shida ya mayar da aikin da kati zai ɗauke gaba ɗaya ya koma na aljihu.

Wani malamin makaranta ya zo mana daga wajen Gwaram, an ɗauko shi a mashin, ya ɗaure haɓa da rawani. Bakinsa ba ya buɗuwa ya wuce faɗin yatsa ɗaya. Da na haska fitila sai na ga naman kumatun ta ciki ya yi fari fat, ya saluɓe. Na ce, "Malam, me aka sa a nan?" Ya yi shiru, sai ƙanensa ya ce ruwan batir ne aka ɗiga a auduga, bayan kanumfari da kanwa sun ƙi ci. Turmin ƙasa ne ya ruɓe, mugunya ta gangara ƙarƙashin haɓa. Sai da aka ba shi gado, aka yi masa allurai, aka tsaga aka fitar da ita, sannan aka cire haƙorin. Shekaru ana yankar kuɗin inshora a albashinsa. Da na tambaye shi me ya hana shi zuwa tun farko, cewa ya yi, "Wallahi likita, na ɗauka katin na zazzaɓi ne da haihuwa."

Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Hanyar ma tana da kwana. Kowane kati yana ɗauke da asibitin farko da mutum ya zaɓa ko aka zaɓa masa, wanda ga masu katin kyauta galibi asibitin mazaɓa ne. Irin waɗannan asibitoci ba kasafai ake samun kujerar haƙori a cikinsu ba. Aikin haƙori na mataki na biyu ne, don haka sai asibitin farko ya rubuta takardar turawa, a kuma samo lambar izini daga kamfanin inshora na HMO ko daga hukumar da ke riƙe da katin. Wanda ya tsallake ya taho kai tsaye, kuɗi za a ce ya biya, ya koma gari yana cewa inshora ƙarya ce. Lambar izinin ma wani lokaci takan yi nawa, majiyyaci yana zaune dafe da kumatu muna ta buga waya. Wannan gyara ne da ya rataya a wuyan masu inshora, kuma ba za mu daina faɗa ba. Amma larurar gaggawa ba ta jiran lamba. Kumburin da ya sauka wuya, ko ya hau ido, ko ya hana haɗiyar yawu, ko ya zo da zazzaɓi, a nufi babban asibiti da shi ko da tsakar dare ne, takarda ta biyo baya.

Iyaye mata, ga naku. Yaro yana kai wajen shekara shida wani turmi yake fitowa a can ƙurya, bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Shi ya sa ake ɗaukarsa na nono, a ce ai zai famfare. Ba ya famfara, na dindindin ne, kuma shi muka fi cirewa a bakin 'yan makaranta saboda alawa da lemon kwalba. Mai ciki kuma da dasashinta ke jini in ta yi asuwaki, ta faɗa a wajen awo, wanke haƙori ba ya taɓa ciki. Sannan yaron da ya rame bayan ƙyanda, bakinsa ya fara wari, dasashi ya yi gyambo, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Haka cutar noma take farawa, mai cinye kumatu cikin 'yan kwanaki, wadda saboda ita aka gina asibiti guda a Sakkwato a 1999, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disambar 2023. A matakin gyambo, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsaftar baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita.

Mai kati ya ɗauko shi yau ya duba sunan asibitin da aka yi masa rajista, ya je can ya ce a rubuta masa takardar duba haƙori, ko da babu inda ke masa ciwo. Wanda ba shi da kati ya riƙe lambarsa ta NIN ya tambayi mai kula da asibitin mazaɓarsu yadda ake shiga. Don Allah kuma a bar ruwan batir a cikin batir.