Kai Iyali Kallon Namun Daji

Dattawan 'Yandoto da Tsafe da Bunguɗu sun tashi suna jin kukan kura a bayan gari, amma yaran yanzu sai a tatsuniya suka san ta. Farauta da saran daji ne suka kore namun ko'ina a Arewa. Don kada su ƙare, gwamnati ta keɓe Dajin Yankari a ƙasar Bauchi a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962.

Magidancin da ya yi niyyar kai iyalinsa ya bari sai bazara, watau lokacin da tafkuna suka ƙafe, namun suka taru a bakin kogin Gaji. Akan fita da sassafe ko da la'asar, gama in rana ta take sai su shige duhuwa. A can akan ga giwa da ɓauna da gwanki da dorina.

Dokoki uku ne. Ba a shiga sai da ɗan jagora. Ba a hayaniya, domin giwa mai ɗa ba ta da haƙuri. Ba a ba gwaggon biri abinci.

Yaron da ya ga giwa da idonsa, in ya girma ba zai yarda a ƙarar da ita ba.