Gwauruwar da Ba a Rubuta Sunanta Ba

A Ayyukan Manzanni sura 6, an ba da labarin gunagunin da ya tashi a ekklesiyar Urushalima, kuma a kan rabon abinci ne. Yahudawa masu jin Helenanci sun koka cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Luka bai ce an saci kome ba. Abinci yana nan, masu rabo kuwa masu bi ne. Sai dai kowa ya fi sanin gwauruwar da suke jin harshe ɗaya, ita ce take fara zuwa masa a rai.

Wannan tsohuwar matsala ta shafi Mubi ƙwarai. Gari ne na Gude, Fali, Fulani, Hausawa, Kamwe, Margi, Kilba da sauransu, ga kasuwar shanu da iyakar Kamaru masu jawo baƙi. A 2014, da Madagali da Michika suka faɗa hannun Boko Haram, jama'a da yawa suka gudo Mubi. Ranar 29 ga Oktoba na shekarar, Mubi ma ta faɗi, mai masauki da baƙonsa suka gudu tare, waɗansu Yola, waɗansu kan duwatsu, waɗansu Kamaru. An ƙwato garin a Nuwamba, amma ba kowa ya koma inda ya fito ba. Akwai matan da suka rasa mazajensu suka zauna a ɗakin haya, a unguwar da ba mai sanin iyayensu.

Gwamnatin tarayya ta daɗe tana kafa shirye-shiryen yaƙi da talauci. A 2001 aka yi NAPEP. Daga ƙarshen 2016 aka soma biyan gidaje marasa galihu naira 5,000 a wata, yawanci a hannun uwar gida, daga baya aka zuba dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta maido cikin shirin. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, an yi alkawarin naira 25,000 a wata, har wata uku, ga gidaje miliyan 15. A kwatanta wannan da mutum miliyan 133 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce suna cikin talauci ta fuskoki da dama a 2022, sai a ga cewa tuwon bai kai yawan bakuna ba. In tuwo ya yi kaɗan kuwa, mai riƙe da mara shi ne da iko.

Marar a nan ita ce rajistar matalauta ta ƙasa. Yadda aka tsara, jama'ar gari ne suke zama, maza daban, mata daban, matasa daban, su faɗi abin da suke kira talauci a wurinsu, su ambaci gidajen da suka fi shan wuya, sa'an nan ma'aikata su bi gida gida. Tsarin yana da hikima, gama maƙwabci ya fi jami'in Abuja sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba. Amma raunin da ke cikinsa shi ne na Urushalima: wanda aka sani ake ambata. Gwauruwar da ta zo daga Madagali, ba ta da miji mai zama a ƙofar mai unguwa, ba ta da dangi a taron, tana iya fin kowa bukata a tashi ba a kira sunanta ba, ba kuwa don wani ya ƙi ta ba. A 2023 gwamnonin da ke Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa suka nuna shakka a kan rajistar. Daga baya aka ɗaura biyan da lambar shaidar ɗan ƙasa, don a toshe sunayen bogi. Hakan daidai ne, amma wata ƙofa ce kuma da matar da ba ta yi rajistar lambar ba za ta tarar a kulle.

Sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya hana nuna bambanci saboda kabila, asali, jinsi ko addini. Doka tana iya hukunta wanda ya goge suna, ba ta ganin sunan da ba a taɓa rubutawa ba.

Abin lura ne yadda manzanni suka yi. Ba su tsawata wa masu gunaguni ba, ba su kuma ce a yi haƙuri ba. Sun sa jama'a su zaɓi mutum bakwai, suka danƙa musu rabon. Dukan bakwai ɗin sunayen Helenanci ne da su, daga Istifanas da Filibus har Nikolas mutumin Antakiya, wanda ba ma haifaffen Bayahude ba ne. Masana da yawa sun fahimci cewa daga cikin waɗanda aka tsallake aka fitar da masu rabon.

Ana iya gwada wannan a Mubi ba tare da jiran Abuja ba. Duk kwamitin da zai rubuta sunaye, na gwamnati ne ko na ekklesiya, a sa wanda ya zo gudun hijira a ciki, a sa mace, a sa wanda ba addininsu ɗaya da mai unguwa ba. A karanta sunayen a fili kafin a aika da su. Zumuntar Mata, wadda take shiga gidajen da dattawa ba su shiga, tana iya raka gwauraye wurin yin lambar shaida, har da maƙwabciya Musulma wadda ita ma aka kashe mijinta a 2014.